Gizo-gizon da ke goya ƴaƴansa: yadda masana ke rarraba dangin Lycosidae

A cikin nau'o'in gizo-gizo sama da 50,000 da masana suka rubuta sunayensu zuwa yau, akwai wani babban dangi wanda akasarin ƴaƴansa ba sa kafa saƙa don kama abinci, sai dai su bi ƙasa da ƙafa suna farauta, ko kuma su laɓe a bakin rami suna jiran ƙwaron da tsautsayi zai biyo da shi. Sunan wannan dangi a wurin masana shi ne Lycosidae, kuma wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Jakob Sundevall, ya raɗa masa shi a shekarar 1833. Turawa suna laƙaba musu sunan kyarkeci saboda farautar da suke yi, ko da yake kowannensu shi kaɗai yake fita, ba sa yin gayya. An san nau'i fiye da 2,400 a cikin dangin, kuma wanda duk ya taɓa noma a gonakin gero da ke kewaye da Damagaram, ko ya yi ban ruwa a lambunan Mirriya, ko ya zauna a bakin tafkin Gidimuni, ya sha ganin su suna tsere tsakanin ciyawa ko da bai kula ba. Gane cewa wani gizo-gizo ɗan wannan dangi ne abu ne mai sauƙi, wanda yaron makarantar firamare zai iya koya a yini guda. Amma faɗin takamaiman sunansa, da gidan da ya fito a cikin dangin, aiki ne da har yanzu yake ba manyan masana wahala, musamman a kan waɗanda ke zaune a Afirka.

Kafin a shiga rikicin, ya kamata a san matakan da ake bi wajen rarraba halittu. Gizo-gizo ba ya cikin ajin ƙwari irin su fara da kiyashi da zuma, domin su ƙafa shida gare su, jikinsu kashi uku, kuma suna da ƴan ƙahonin shinshina a ka, shi kuwa ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu. Ajinsa shi ne Arachnida, inda yake tare da kunama da kaska, da kuma halittar nan mai gashi da manyan muƙamuƙai da ke zuwa wajen fitila a guje lokacin bazara, wadda mutane da yawa ke ɗauka gizo-gizo ce alhali ba ta saƙa, ba ta kuma da dafi. A cikin ajin, rukunin gizo-gizo shi ne Araneae, kuma ya kasu uku. Akwai Mesothelae, ƴan kaɗan ne da suka rage a gabashin Asiya. Akwai Mygalomorphae, manya masu gashi waɗanda fiƙoƙinsu ke sara daga sama zuwa ƙasa. Sai Araneomorphae, masu fiƙoƙin da ke haɗuwa daga gefe da gefe, kuma su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Daga nan sai dangogi, waɗanda yawansu ya haura 130. Kowane dangi yana iya rabuwa zuwa rassa, kowane reshe zuwa gidaje, kowane gida zuwa nau'o'i. Sunan kimiyya na kowace halitta kalma biyu ne, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i, kuma a cikin Lycosidae gidajen sun fi 120.

Alama ta farko da ake gane dangin da ita ita ce idanu. Idan aka kama ɗaya a cikin kwalba aka dube shi ta gaba, za a ga ido takwas a jere uku: ƙanana huɗu a layi ɗaya can ƙasa daf da muƙamuƙi, sai manya biyu a samansu suna kallon gaba, sai wasu biyu matsakaita da suka koma baya a saman kai suna duban gefe da sama. Wanda ya dube shi daga sama zai ga manyan huɗun sun zauna kusan kamar kusurwoyin murabba'i. A bayan shida daga cikin idanun akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, wanda ke taimaka musu gani a duhu, kuma shi ne ke tona musu asiri da dare. Duk wanda ya ɗora tocila a goshinsa, daidai saitin idonsa, ya haska fili mai gajeriyar ciyawa bayan isha'i a tsakiyar damina, zai ga ɗigo-ɗigon haske masu launin kore ko shuɗi suna ƙyalli daga ƙasa, kuma idan ya bi ɗaya a hankali ba tare da ya kawar da hasken ba, gizo-gizo zai tarar a tsaye cik. Idan aka riƙe tocilar a ƙugu ba a cika ganin komai ba, domin hasken yana komawa ne ta hanyar da ya zo.

Alama ta biyu ta fi kowace burgewa, kuma ita ce ta raino. Macen takan saƙa wani ɗan ƙunshi zagayayye, fari ko toka-toka, ta zuba ƙwayayenta a ciki, sannan ta manna shi a mafitar zarenta, wato ƴan tsirayen da ke ƙarshen cikinta. Haka za ta riƙa yawo da shi makonni, tana ɗan ɗaga ciki don kada ya gogi ƙasa, tana farauta da shi, tana kuma shanya shi a rana don ɗumi. Idan aka raba ta da ƙunshin sai ta tsaya tana zagaye wurin tana nema. Masanin ƙwari na Faransa, Jean-Henri Fabre, ya gwada musanya wa wata ƙunshinta da ɗan dunƙulen toto, ta kuwa karɓa ta manna ta ci gaba da ja. Lokacin ƙyanƙyasa idan ya yi, uwar ce ke yaga ƙunshin da muƙamuƙinta, ƴaƴan su fito su hau ƙafafunta su taru a gadon bayanta, wani kan wani, suna riƙe da wasu gashi na musamman masu ɗan kai a ƙarshe. Sukan yi kamar mako guda ko fiye a goye ba tare da sun ci komai ba, kafin su watse, wasunsu ta hanyar sakin zare iska ta ɗauke su. Wannan ne ya sa idan aka doke irin wannan uwa da tsintsiya sai a ga ƙanana barkatai sun fashe ta kowace fuska, har wasu su ce gizo-gizon ya haihu ne nan take.

Akwai wani dangi na kusa, Pisauridae, wanda ke rikita mutane domin shi ma macen tana yawo da ƙunshin ƙwai. Bambancin shi ne ita a baki take riƙe nata, a ƙarƙashin ƙirji, kuma idan ƙyanƙyasa ta gabato sai ta saƙa wa ƴaƴan tanti a jikin ganye ta tsaya gadi, ba ta goya su.

Alama ta uku ba a ganin ta sai da madubin ƙara girma. Kowane gizo-gizo yana da wasu ƴan hannuwa biyu a gefen baki, kuma a jikin namiji baligi ƙarshensu yakan kumbura ya zama abin da yake ɗiban maniyyi da shi ya sa wa mace. A dangogi masu yawa akwai wata ƴar ƙaya a gaɓar da ke kafin kumburin, har masana suka tara waɗannan dangogi a babban ayari ɗaya saboda ita. Lycosidae yana cikin ayarin ta wajen asali, amma mazansa sun rasa ƙayar. A 1986 wani masani ɗan Kanada, Charles Dondale, ya kafa iyakar dangin a kan waɗannan abubuwa uku, wato jerin idanu, da rashin ƙayar, da ɗaukar ƙwai da goyo, kuma binciken da aka yi daga baya bai rushe wannan iyaka ba. Wani abin lura shi ne ba alama ɗaya ake kamawa a yanke hukunci ba: a kogwannin dutse na tsibirin Kauai da ke Hawai akwai nau'in Adelocosa anops, wanda aka bayyana a 1973, ba shi da ido ko ɗaya, amma sauran jikinsa da goyon da macen ke yi sun tabbatar da shi a dangin.

Da waɗannan alamu mutum zai iya ware wasu da ake yawan gani a cikin gida. Shimfiɗaɗɗen nan da ke manne a bango, mai gudu a kaikaice ya shige bayan hoto ko tsagar katanga, yawanci ɗan Selenopidae ne ko Sparassidae, ƙafafunsa a baje suke zuwa gefe. Ƙaramin nan mai tsalle da rana a jikin taga ɗan Salticidae ne, shi ma yana da manyan idanu biyu, sai dai nasa a layin gaba suke, babu ƙanana huɗu a ƙarƙashinsu.

Da zarar an tsallaka ƙofar dangin sai sauƙin ya ƙare. Kusan dukkansu launin ƙasa gare su, ruwan toka ko ja-ja ko baƙi-baƙi, da zane mai haske a tsakiyar baya, kuma launin yakan sauya a cikin nau'i ɗaya gwargwadon ƙasar da yake zaune a kai. Girma ma ba abin dogaro ba ne sosai, duk da cewa akwai masu ƴan milimita kaɗan, akwai kuma irin Hogna ingens na wani ƙaramin tsibiri kusa da Madera, wanda jikin macensa ke kai wa kusan santimita 4. Abin da masana suka dogara da shi a yau shi ne siffar al'aura: lanƙwasa da ƙayoyin da ke cikin kumburin hannun namiji, da kuma wani ɗan faranti mai tauri a ƙarƙashin cikin mace, wanda a gidaje da yawa yake da zane kamar harafin T a kife. Waɗannan sassa ba sa bayyana sai gizo-gizo ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga, saboda haka wanda bai balaga ba, kome girmansa, da wuya a iya faɗin nau'insa.

Masanan farko ba su ba wannan hanya muhimmanci ba, kuma daga nan rikicin ya samo asali. A 1804 Bafaranshe Pierre André Latreille ya kafa gidan Lycosa, wanda jigonsa shi ne wani babban gizo-gizo mai haƙa rami da ake samu a kudancin Italiya, kusa da birnin Taranto. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya riga ya sa wa nau'in suna tarantula tun 1758, kuma mutanen yankin sun daɗe suna ɗora masa alhakin wata cuta da suka yi imani ba ta warkewa sai da kiɗa da rawa. Daga baya Turawan da suka je Amurka suka ɗauki sunan suka laƙaba wa manyan masu gashi na dangin Theraphosidae, waɗanda ke can ɓangaren Mygalomorphae, nesa ƙwarai da mai sunan na asali. Shi kuwa gidan Lycosa sai ya koma tamkar zauren mai unguwa, inda ake sauke duk baƙon da ba a san masaukinsa ba. Shekara da shekaru, duk babban gizo-gizo mai wannan jerin idanu da aka kawo daga Afirka ko Ostareliya ko Kudancin Amurka sai a rubuta shi Lycosa. Masana irin su Carl Ludwig Koch, wanda ya kafa gidajen Pardosa da Arctosa da Trochosa a 1847, da Eugène Simon, wanda ya kafa Evippa a 1882 da Hogna da Hippasa a 1885, sun rage cunkoson, amma shi ma Hogna bai daɗe ba ya zama wani zauren. Har yanzu ana kan aikin kwashe baƙin. A 2012 Allen Brady ya cire wasu nau'o'in Arewacin Amurka daga Hogna ya buɗe musu sabon gida mai suna Tigrosa, kuma Volker Framenau da abokan aikinsa sun mayar da da yawa daga cikin na Ostareliya zuwa gidajen da suka dace da su.

Rabon Afirka a wannan rikici ya fi na kowa nauyi, kuma sunan da ake yawan ambata shi ne na Bajamushe Carl Friedrich Roewer. A 1959 da 1960 ya wallafa wani ƙaton aiki da ya taso daga samfuran da aka tara a gandun dajin Upemba na ƙasar Kwango, ya kuma faɗaɗa shi ya haɗa da Lycosidae na sauran nahiyar. Mutum ne mai ƙwazo ƙwarai, amma ma'aunin da ya zaɓa shi ne tazarar da ke tsakanin idanu, da yawan ƴan haƙoran da ke jikin muƙamuƙi, da ƙayoyin ƙafa, alhali waɗannan abubuwa suna iya bambanta tsakanin ƴaƴan uwa ɗaya, wani lokaci ma tsakanin dama da hagu na gizo-gizo ɗaya. Sakamakon haka ya kafa gidaje da nau'o'i masu yawa da ba su da tushe mai ƙarfi, ya raba ƴan uwa na kusa, ya kuma haɗa waɗanda ba su da alaƙa. Ba a iya share waɗannan sunaye da alƙalami kawai, domin ƙa'idar raɗa suna ta ce kowane suna yana rataye ne a kan samfurin da aka fara bayyanawa. Dole mai gyara ya je ya nemo wannan samfuri a cikin kwalbarsa, a gidajen adana halittu na Faris ko Balin ko Landan ko Farankfot ko Tervuren ta Beljiyam, ya sake dubawa, kuma sau da yawa sai ya tarar mace ce kaɗai, ko wanda bai balaga ba, ko ma samfurin ya ɓace. Mark Alderweireldt da Rudy Jocqué na Beljiyam sun gyara wasu gidaje, kamar Evippa na Afirka a 1991 da Hippasa a 2005, amma manyan da aka jibge a Lycosa da Hogna da Geolycosa akasarinsu suna nan suna jira.

Rarraba gidajen zuwa rassa shi ma ya sha sauyi. Dondale ya amince da rassa biyar: Lycosinae, Pardosinae, Allocosinae, Venoniinae da Sosippinae. Alexey Zyuzin ya kawo Evippinae da Wadicosinae da Piratinae, Framenau kuma ya ƙara Artoriinae a 2007 don wasu ƙanana na Ostareliya da maƙwabtanta. A 2019 masana biyu na Ajantina, Luis Piacentini da Martín Ramírez, suka gwada ƙwayoyin gado na wakilan dukkan rassan, suka tarar yawancinsu sun tsaya da ƙafafunsu, amma suka narkar da Piratinae cikin Zoicinae, da Wadicosinae cikin Pardosinae, suka kuma maido da Hippasinae a matsayin reshe mai zaman kansa.

Wannan bincike ya ƙarfafa wani ra'ayi da Jocqué da Alderweireldt suka gabatar tun 2005, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar matsalar gaba ɗaya. Lycosidae dangi ne sabo idan aka gwada shi da sauran, kuma ya bunƙasa ne a zamanin da dazuzzuka masu duhu suka ja baya, filayen ciyawa suka mamaye sassan duniya. Halittar da ke ɗauke da ƙwanta da ƴaƴanta, wadda ba ta bukatar reshen da za ta rataya saƙa, ita ce ta fi dacewa da buɗaɗɗen fili inda ruwa da abinci ke ƙaura daga wuri zuwa wuri. Saboda sun yaɗu da sauri cikin ɗan lokaci, jikinsu bai samu damar bambanta sosai ba, shi ya sa na Kanada da na Nijar za su iya yin kama har a kasa raba su da ido. Hakan kuma yana nufin yanki irin namu, daga kwarin Korama a kudu zuwa filayen kiwo na Tanut a arewa, irin mazaunin da dangin ya fi so ne, ya fi masa kurmin da ke bakin teku.

Daga cikin gidajen da aka sani a busassun yankunan Afirka, Pardosa ne mafi yawan jama'a, domin nau'o'insa a duniya sun haura 500. Ƙanana ne masu siraran ƙafafu, suna fita da rana, suna son wuri mai laima kamar bakin tafki da fadama da kwamin salad, kuma idan aka kore su suna iya gudu a kan ruwa ba tare da sun nutse ba. Evippa na rairayi ne, mai dogayen ƙafafu da dogayen farata, launinsa ya saje da yashi har ba a ganin sa sai ya motsa. Hippasa kuwa ya saɓa wa abin da aka san dangin da shi, domin yana saƙa shimfiɗa a gindin ciyawa mai mazurari a gefe ɗaya, inda yake fakewa, kuma da sassafe raɓa kan fito da saƙar fili. Masana da dama suna ganin kakannin dangin masu saƙa ne irin wannan, daga baya yawancin zuriyar suka bar ta.

Akwai ma inda duba al'aura ba ya raba gardama. A Arewacin Amurka, Schizocosa ocreata da Schizocosa rovneri suna zaune a daji ɗaya, matansu ba sa rabuwa ko a ƙarƙashin madubi, kuma sassan haihuwar mazan kusan iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne salon zawarci. Namijin ocreata yana da tuntun baƙin gashi a ƙafafun gaba, yana ɗaga su yana kaɗawa, shi kuwa na rovneri ba shi da tuntu, sai dai ya riƙa buga jikinsa a kan busasshen ganye yana aika girgiza. Kowace mace namijin nau'inta kaɗai take saurara. George Uetz da Dondale ne suka bayyana rovneri a matsayin nau'i dabam a 1979.

Kuskuren suna yana da illa a zahiri. A Birazil an daɗe ana ɗora wa Lycosa laifin wani cizo mai ruɓar da nama, har aka riƙa haɗa maganin dafinsa, kafin a gane cewa mai laifin ɗan wani dangi ne dabam, daga gidan Loxosceles, mai ido shida. Binciken da aka yi a can da kuma Ostareliya, a kan mutanen da aka tabbatar Lycosidae ne ya cije su, ya nuna zafi da ɗan kumburi da ƙaiƙayi ne kawai, waɗanda ke wucewa. A gona kuwa masu taimako ne, kuma a shinkafar Asiya an san Pardosa pseudoannulata da cinye ƙwarin da ke tsotse kara, shi ya sa yawan feshi kan bar gona ba mai tsaron ta.

Saboda haka idan manhajar waya ta dubi hoton da aka ɗauka a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram ta ba da cikakken suna mai kalma biyu, ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan, domin akasarin hotunan da irin waɗannan manhajoji suka koya da su daga Turai da Amurka suke, kuma hoto daga sama ba ya nuna sassan da ake raba nau'i da su. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke son a tantance abin da ya kama zai bukaci baligi, namiji da mace idan da hali, a cikin ƙaramar kwalba mai alkol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, tare da ƴar takarda da aka rubuta da fensir aka jefa a ciki, mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata da irin ƙasar da aka same shi a kai. Sunan da aka samu kuma sai a gwada shi da kundin gizo-gizo na duniya da gidan adana halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi a intanet, domin a ga ko yana nan daram ko an riga an mayar da nau'in wani gida.